Ranar da Aka Gwada Injin Madam Sau Biyu

Akwai wata Laraba a rayuwata da ko tsufa ya ci hankalina ba na jin za ta goge. A lokacin ina aiki a wani ɗan gidan abinci a Samaru, daura da ƙofar jami'a. Aikina ɗumama alala da shinkafa a maikirowef, injin nan mai ɗumama abinci da lantarki, in miƙa wa ɗalibai. Da wannan aikin nake riƙe da 'ya'yana biyu tun bayan rasuwar babansu.

Sai ƙorafi ya fara yawa. A gutsura alala, baya da ɗumi, ciki sanyi ƙalau. Madam, mai gidan abincin, ba muguwa ba ce, amma ta gaji da ganin ana dawo da faranti. Na ce mata injin ne, ta ce gaggawata ce. Ƙarshe ta ce, "Ɗauke shi ki kai Sabon Gari a duba. In lafiyarsa ƙalau, to ki nemi wani wurin."

Na rungume shi a Keke Napep har shagon wani dattijo mai gyara, Inyamuri haifaffen Sabon Gari, Hausarsa tar kamar ta Bazazzagi. Ya kwance bayan injin, ya goge maiƙon da ya daskare, ya mayar. Sannan ya auna ruwa a kofin gilashi, ya tsoma ma'aunin zafi ya duba, ya sa kofin a ciki ya kunna na minti ɗaya. Da ya fito da shi ya juya ruwan da cokali, ya sake aunawa.

"'Yata, injin nan ƙarfinsa na nan," in ji shi. "Ruwan ya hau yadda ya kamata."

Kowa zai yi murna da wannan magana ban da ni. Na zauna a benci. Ya tambaye ni ko lafiya, na zayyana masa komai. Sai ya ce, "Da safe ma ana dawo da abincin?"

Na yi tunani. "A'a, Baba. Sai la'asar ta yi sanyi, in ɗalibai sun dawo ɗakunansu."

Ya kalli mutanen da ke jiransa, ɗaya da fanka, ɗaya da rediyo, ya ba su haƙuri su dawo gobe. Ya zuba kofin da ma'aunin da wata 'yar mita ta auna ƙarfin wuta a jaka, ya ja ƙofar shago. Na ce ba ni da abin da zan saka masa. Ya ce, "Ni na gwada shi a wutar shagona. Ban gwada shi a wutarku ba, ashe aikina bai ƙare ba."

Muka iso Samaru gab da magariba, kowane ɗaki an kunna risho na lantarki da dutsen guga. Ya gaida Madam da ladabi, ya roƙe ta ta tsaya kusa. Kofi ɗaya, ruwa daidai na ɗazu, minti ɗaya. Fitilar injin ta kama, farantin cikinsa yana juyawa kamar kullum. Da ya fito da kofin sai ya miƙa mata. Ta tsoma yatsa, ta bar shi a ciki, ruwan ko ɗumin wankan jariri bai kai ba. Ya nuna mata a mita yadda wutar unguwar take faɗuwa da yamma, ya ce sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, za ta saya, ba sabon inji ba, ba kuma sabuwar ma'aikaciya ba.

Madam ta daɗe tana kallon kofin. Daga baya ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri, kin faɗa ban ji ba." Ta zuba wa dattijon shinkafa da kanta, ya ci yana ba mu labarin zamanin da jirgin ƙasa ke cika Sabon Gari da baƙi.

Na yi shekaru a wurin bayan nan, har yarana suka gama sakandare. Abin da dattijon nan ya koya mini shi ne, kafin ka yanke wa abu ko mutum hukunci, ka je ka gan shi a inda yake aiki, da irin ƙarfin da ake ba shi.