Geron da Gajere Ya Binne

Gajere mai tufkar igiya mutumin Fakuwa ne, ko da yake ba can aka haife shi ba. Ya zo ne shekarar Kakalaba, babbar yunwar nan, shi da mahaifiyarsa, daga wani ƙauye na arewa wanda bai cika faɗin sunansa ba. In an matsa masa sai ya ce ko an je ba za a tarar da mai amsa sallama ba. Abin da suka zo da shi gora ne guda cike da irin gero. Tsohuwar ta rataye shi a wuya duk tsawon hanya, suna cin ganye da ƙarangiya, ba ta taɓa cire marfin ba. Geron mai gashi ne a zangarniya, tsuntsu ba ya son shi. Bayan ta rasu Gajere ya ci gaba da shuka shi, mutane suna ce masa geron Inna.

Da rani yakan zauna gindin tsamiya da ramarsa, yana murzawa a cinya, yana ba da labari. Ba na Gizo yake yi ba. Nasa duk na bayan lalacewar duniya ne, kuma kowa da wanda ya fi so. Masu dawowa daga aikin hanya na tilas sun fi son na garin da sarkinsa ya hana zama a inuwa, kowa yana ɗauke da dutse zuwa wata hanya da ba a san inda ta nufa ba. Wannan a hankali yake faɗinsa, yana duban ko dogari na tafe. Mata masu wucewa rijiya sukan rage tafiya in yana na ƙasar da gara ta cinye komai, har ƙotar fartanya. Wani malamin elementare daga Kankia, Malam Hussaini, ya taɓa saurara, ya ce Nasara ma suna rubuta irin waɗannan a littafi, mutane su saya su karanta don nishaɗi. Gajere ya daɗe yana murza igiya kafin ya ce, "Ashe su ma sun taɓa yin ƙaura."

Bubayero, Bafillatanin da ke sauke shanunsa a gonar Gajere kowace kaka, shi guda ɗaya yake so: na matar da ta rage ita kaɗai a duniya, tana tafe da goran iri a wuya, tana neman inda za a yi ruwa. Kullum in ta samu wuri ta durƙusa ta tona rami, nan Gajere ke tsayawa.

"Kai Kaɗo, ya tsira ko bai tsira ba?" in ji Bubayero.

"Igiyata ta ƙare, Baffa."

"Kullum nan igiyarka ke ƙarewa. Ni fa na biya da nono."

"Nonon da rabinsa ruwa ne? Rabin labari ya ishe shi."

Sai shekarar fara ta zo. Ta sauka gero yana fitar da kai, ta tashi ta bar kara tsaye. Gajere ya tsinci 'yan zangarniyun da suka kuɓuta, ya ware masu kyau, ya sussuke, ya cuɗa da toka saboda ƙwari, ya zuba a tsohon goran. Sauran bai kai shi da iyalinsa tsakiyar rani ba. Bubayero ya kora shanunsa gabas, wajen Dudunni, neman ciyawa. Igiya kuma ba mai saye, tunda dabbobin da za a ɗaure an sayar.

A gidan akwai matarsa Kulu, da ɗiyarsu Haulatu wadda mijinta ya tafi cirani ya bar ta da goyo. Ana cikin bazara nono ya fara ɗauke mata. Kulu ba mai yawan magana ba ce. Wata rana da hantsi tana tsinkar tafasa ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "Malam, ko ludayi guda ne a dama mata kunu."

Ya ce, "In aka buɗe don ludayi guda, ba a rufewa."

Ta ci gaba da tsinkar tafasarta. Amma daga ranar ya lura duk wanda ya shiga ɗaki idonsa sai ya bi ta inda goran ke rataye. Nasa idon ma haka.

A ƙasarmu akwai binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ana yinsa in alamun damina sun kankama, iska ta juyo, hadari ya fara haɗuwa da yamma. Gajere ya san haka kamar kowa. Duk da haka ya ɗauki sungumi tun sama tana fara fes, ya tafi gona da goran. Dattijan da suka gan shi suka ce, "Gajere, mi kake gaggawa? Lokaci bai yi ba." Ya ce ƙasa ba ta da baki, shi kuwa gidansa akwai bakuna. Ya binne duka, ya dawo da gora fanko, ya rataye inda yake. Kulu ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta mayar.

Ba a daɗe ba aka yi ɗan ruwa. Da bai zo ba sam, da iri ya kwanta lafiya. Da ya yi yawa, da shi ke nan. Sai ya zo daidai jiƙa ƙasa. Geron Inna ya fito layi-layi, kore shar, mutane har suna ratsowa su gani. Sama kuma ta ɗauke. Gajere yakan je da safe ya tsaya a bakin gona, tsiron yana nannaɗewa yana yin ja. Ya gwada ɗebo ruwa a tulu, ya ga ba aikin tulu ba ne. Kafin damina ta gaskiya ta sauka ba abin da ya rage sai ramuka.

Goyon Haulatu ya rayu. Wata maƙwabciya mai shayarwa ce ta riƙa karɓarsa. Gajere kuwa ya riƙa tufka wa matar igiyar guga, sabuwa, duk shekara har ya mutu.

Da ruwa ya zauna Bubayero ya dawo, shanunsa sun ragu ƙwarai. Ya ji labari tun a hanya. Ya zo da ƙullin iri a bakin rawani, wanda ya samu musayar nono a Mawashi, ya ajiye kusa da ramar.

"Ba irin naka ba ne, Kaɗo. Wanga tsuntsu na son shi."

"Gero ne dai?"

"Gero ne."

Gajere ya shuka, ya yi tsaron tsuntsu kamar kowa, ya ci. Ya bi gidajen da ya taɓa ba irin Inna yana tambaya, duk sun cinye nasu tun rani. Bai ga laifinsu ba.

Ya ci gaba da zama gindin tsamiya shekaru masu yawa. Na dutse da na gara yana yinsu in an roƙa, ko da yake muryarsa ta rage. Wata kaka Bubayero, shi ma ya tsufa, ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce a yi masa na matar nan. Gajere ya yi, har ta durƙusa ta tona rami. Bubayero ya jira, bai yi tambayar ba.

Gajere ya kai hannu ya jawo wata ramar, ya haɗa da bakin igiyar.

"Ta dubi sama tukuna," ya ce. "Ta ga da saura. Sai ta rufe goran ta zauna."