Jan Idon da Ya Hana Ni Zuwa Sunan 'Yata

Komai zai iya gushewa daga raina, amma ban da daminar da aka haifa mini 'yata ta fari.

A wani ƙauye mai suna Turawa nake noma lokacin. Gudawa ce ta fara kama ni, na sha magani ta tsaya, na koma gona. Bayan 'yan makonni sai gwiwata ta kumbura, fitsari ya riƙa yi mini zafi, idona na hagu kuma ya yi jawur. In haske ya taɓa shi, ji nake kamar an soka mini ƙaya. Ko kusa ban kawo cewa duk ciwo ɗaya ne ba.

Ana haka aka aiko daga Rogo cewa matata ta sauka lafiya a gidan iyayenta. Na dogara sanda na fito neman mai babur, sai yayana ya tare ni a zaure.

"Ina za ka da wannan idon? Apolo ce fa. So kake ka shafa wa jaririya?"

"Yaya, daga bakin ƙofa kawai zan hango ta."

"Haƙuri za ka yi. Kwana nawa ne ta wuce?"

Na koma ɗaki na saki labule. Ranar suna kowa ya tafi, gidan ya yi tsit. Na yi kuka, hawayen ma ƙona ni suke yi.

Ciwon bai wuce ba. Sai da na fara gani dishi-dishi aka kai ni asibiti a Kano. Likitar ta duba idon, ta taɓa gwiwar, sannan ta tambaye ni ko na yi gudawa. Na ce mata na yi.

"Malam, wannan ba apolo ba ce, kuma ba a ɗaukarsa. Bayan gudawar ne jikinka ya juya yana yaƙar gaɓoɓinsa, kumburin ya shiga har cikin ido. Da ka zo da wuri..." Ba ta ƙarasa ba.

Idon bai dawo ba. Gwiwar ma takan tashi ta kwantar da ni ana tsakar aiki. Ranar da na fara ɗaukar 'yata ta riga ta soma gane mutane. Ta kalle ni, ta fashe da kuka, ta miƙa wa uwarta hannu.

Abin da na koya shi ne, jan ido ba duka ne apolo ba. In ya zo da zafi da ciwon gaɓa, kada a zauna jiran ya wuce. Ni na jira, da ido ɗaya na tashi.