Ɗakin Bakin Ƙofa a Samaru

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da ƙanena, a motarsa mai sanyi. Gida zai saya a Samaru, ya ce in zo in duba masa, tunda ni ruwa ya taɓa rusa mini ɗaki ina ciki, na san ginin da ke shirin cin amana. Yaron da na goya a bayana ke nan. Ni kuwa facin taya nake yi a bakin titi, ɗaki ɗaya nake haya, shi ma mai shi ya ce in tashi kafin damina. Haka dai na shiga motar.

Hanyar Giwa na nan da ramukanta. Duk ramin da muka faɗa sai ƙanena ya ce wash, kamar shi aka taka. A Shika muka ci waina da miyar taushe. Ta ƙara kuɗi, ta kuma ƙanƙance. Shi ya biya. Har wannan ya ba ni haushi.

Samaru cike take da ɗalibai, suna cakuɗa Hausa da Turanci kamar dafa-duka. Muka zarce Sabon Gari ɗauko mai gidan a shagonsa da ke unguwar PZ. Dattijo ne ɗan kudu, haihuwar Zariya, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi, zai koma garinsu ya huta. Sharaɗi ɗaya ya kafa: "Duk aibin da kuka nuna mini yau, ni zan gyara. Da mun sha hannu, ya zama naku."

Muka koma Samaru tare da shi. Gidan ya yi kyau, abin takaici. Ga tayil, ga rijiya, ga mangwaro a tsakar gida. Na shiga tonon aibi ina fata cinikin ya watse. Na ƙwanƙwasa ƙyauren kicin, gara ta zubo. Dattijo ya ce zai canza. Na nuna murfin masai da ya tsage. Zai gyara. Na nuna sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa, alamar bango na shan ruwa. Ya yi dariya, ya ce za a sake fulasta, a fitar da magudana. Ƙanena sai washe baki yake: "Yaya, Allah Ya bar mana kai." Nan na gane duk buɗe bakin da na yi, gida nake gyara masa kyauta.

Saura ɗakin bakin ƙofa. Ni kaɗai na leƙa. Silin ya ɓalle a kusurwa, ta nan nake hango hasken rana ta hujin kwano, katakon duk ya ruɓe. Na ja ƙofar.

"Yaya, nan fa?"

"Lafiya lau."

A raina na ce a bar masa ko abu ɗaya da zai hana shi barci.

Suka sha hannu, kowa ya yi irin addu'arsa. Dattijo ya kai mu cin sakwara da miyar agushi a Sabon Gari, yaji har ƙwalla. Ina tsakiyar ci ƙanena ya ce, "Yaya, ɗakin bakin ƙofar nan naka ne. Shi ya sa na so ka gani da idonka. Titi na kusa, sai ka kafa injin facinka."

Na ajiye lomar da na ɗauka. In na yi magana yanzu, zai san na gani na yi shiru. Na sha ruwa, na ce na gode.

Ƙanena ya tsaya kan takardun gidan. A motar haya na dawo, mu huɗu a baya, kajin wani suna caccakar ƙafata. La'asar ta yi mini a Funtuwa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Gaskiya ne, amma ba a faɗi abin da mai hassadar ke samu ba. Ƙanena ya samu gida gyararre, ni na samu yoyo. Kafin in fara ɗaure kaya, na shiga kasuwa na sayi babban bahon roba.