Ƙwayoyin da Sodangi Ya Ƙi Sha

"Ƙarya kake, Sodangi! Ga su nan ƙunshe a bayan tulu, ko ɗaya ba ka haɗiya ba!"

Muryar Tani ce ta tsallako katanga da hantsi, Malam Rabo na tsakar gidansa yana awon gero. Ya ajiye mudu. Mijin ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ita kuwa ta ƙara ɗaga murya: "In kuturtar ta dawo, da dungu za ka riƙe fartanya? Mu ci me, addu'a?"

Rabo ya san Sodangi tun suna kiwon awaki a Wurma. Bamaguje ne, ɗan manoma, ƙaƙƙarfa mai yawan dariya. Da tabo ya fito masa a gadon baya, dangi suka ware masa ƙwarya, daga baya suka kai shi asibitin kutare na 'yan Mishan. A can, in ji shi, wata rana yana kwance yana kuka ya kira sunan Yesu, sai ya ji kamar an dafa masa ƙirji da hannu mai ɗumi. Ya karɓi baftisma. A 1958 aka sallame shi da yatsunsa cif, aka ce ya riƙa karɓar ƙwaya a ɗakin shan magani na Kurfi. Nan ya zauna, ya auri Tani.

Lafiya ta zo, wancan hannu kuwa bai sake dawowa ba. Ya durƙusa har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ya yi azumi. Ya taka a ƙasa har Dutsin-Ma wurin mai bishara, aka ce masa bangaskiya ba sai an ji a jiki ba. Ya yi godiya, ya dawo ya daina dariya. 'Yan cocinsu na yabon naciyarsa, Rabo kuwa tausayi yake ba shi.

Rabo ya zagaya ya yi sallama. Sodangi ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. A ɗan yatsansa na hagu akwai ƙuna, ta yi ruwa.

"Maƙwabci, wuta ta ci ka."

"Ban ji ba," in ji Sodangi, har da ɗan murmushi. Murmushin nan ne ya tayar wa Rabo da hankali.

"Haba ɗan'uwa! Allah ya warkar da kai, kai kuma kana kiran ciwo da kanka? Yesun kake nema, ko daɗin da ka ji ran nan a asibiti? Matarka fa?"

Sodangi ya daɗe yana kallon yatsan.

"Malam Rabo, ban san wata hanyar ba. Tun damina yatsan nan ya mutu, har yau hannun bai dawo ba. Ƙila sai kuturtar ta kai fuska."