Gemuna da Robar Numfashi

A lokacin ina ɗinkin hula a Ƙofar Dumi, shekaruna arba'in da 'yan kai, kuma babu abin da nake ji da shi kamar gemuna. Har ƙirji yake sauka, kullum sai ya sha mai da mataji. Ga ni da taurin kai, in na ce a'a, to magana ta ƙare.

Ƙaba ce ta matsa mini har aka sa ranar tiyata. Ana gobe aiki, wata nas mai kula da barcin waɗanda za a yi wa tiyata ta zo ta duba bakina da wuyana. Kirista ce daga kudancin jiharmu. Cikin ladabi ta roƙe ni in rage gemun, ta ce idan maganin barci ya ɗauke ni ba zan iya numfashi da kaina ba, sai an kifa mini roba a hanci da baki ana tura mini iska, kuma gashi mai yawa yana hana robar kamawa. Ni kuwa zuciya ta raya mini addinina take yi wa shisshigi. Na ɗaure fuska na ce ko gashi ɗaya ba za a taɓa ba. Ba ta ja da ni ba.

Bayan tiyata na farfaɗo muƙamuƙina na ciwo, gemuna duk danƙon filasta. Har na fara sababi, sai likita ya zauna ya ba ni labari. Ya ce ina yin barci iska ta riƙa zurarewa ta cikin gashin, ƙirjina ya ƙi ɗagawa, leɓɓana suka fara yin baƙi. Ashe tun da na ƙi, nas ɗin ta tanadi leda ta ajiye kusa. Ta yi maza ta lulluɓe gemun da ita ta liƙe, ta tallabo muƙamuƙina da hannu biyu ta danne robar, abokin aikinta yana matsa jakar iska, har numfashi ya shiga. Wallahi kunya kamar in nutse. Da na nemi afuwarta dariya ta yi, ta ce yatsunta ne dai suka ji jiki.

Yau lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi, ina ɗinkina. Yayana malami ne, ya ce da na tambaye shi, da ya gaya mini babu laifi a rage don ceton rai. Don haka 'yan'uwa, in ma'aikacin asibiti ya nemi wani abu kafin tiyata, ku tambayi dalili kafin ku munana masa zato. Matar da na zarga a raina, ita ce ta riƙe mini numfashi lokacin da ban san inda kaina yake ba.