Layin Kumfa a Bakin Kainji

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da ƙanwata, za mu sunan ɗan yayarmu a tsallaken Yelwa ta Yauri. Ban so zuwa ba, Inna ce ta matsa. Saura kwana tara in kare aikina na digiri na biyu, aikin kuma ya ƙi.

Abin da nake yi shi ne sa kwamfuta ta kwaikwayi wurin da iskar da rana ke fesowa take karo da siririyar iskar da ke tsakanin taurari. Wata uku ke nan, duk gwajin da na yi sai lissafin ya watse a bakin iyakar da iskokin biyu ke haɗuwa. Malamina ya ce in bai daidaita ba, sai baɗi.

Daga Koko ramuka suka karɓe mu, na rungume kwamfutar kamar jaririya. Mun wuce mararrabar Shanga, shinkafa shar hagu da dama, ni kuwa ban ga komai ba. A Yelwa ƙanwata ta sayi soyayyen kifi, tana mitar ya fi na birni tsada. Ta cinye nata, ta cinye nawa.

Kawunmu masunci ne ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Na naɗe kwamfutar da leda uku, kowace igiyar ruwa sai gabana ya faɗi. Can na tuna wani layin kumfa da kainuwa, inda ruwan kogi mai gudu ke cin karo da kwantaccen ruwan tafkin Kainji. Bara daidai wata tsamiya na gan shi. Mun zo tsamiyar, babu shi.

"Kawu, ina layin nan?"

Ya yi dariya. "Wa yac ce maka wuri guda shika zama? Kogi ya yi ƙarhi shi tura shi gaba, ya yi sanyi tabki shi maido shi. Kullum sai na biɗe shi kahin in saka taru."

Nan take aikina ya faɗo mini a rai. Ƙarfin iskar rana ma hawa yake yana sauka, amma ni na kafe iyakata wuri guda, saboda hakan ya fi sauƙin lissafi.

Ban ci tuwon suna ba. Washegari muka dawo, na saki iyakar ta riƙa motsi, na zauna ina kallon allo. Lissafin bai watse ba.

Na koyi cewa abin da na fi amincewa da shi ne ban taɓa dubawa ba. Da malamina ya gani, ya tambaye ni a wace muƙala na samo gyaran. Na ce masa marubucin yana Yauri, yana ɗinkin taru.