Gonar Younoussa da Mangwaron Ƙaninsa

Younoussa maƙwabcina ne a birnin Greensboro na Amurka, mutumin wani ƙauye kusa da Maradi. Sana'arsa yankan ciyawa a gidajen masu hali na unguwar Irving Park. Ba ya shiga harkar kowa, amma a ambaci gona a ga yadda bakinsa zai buɗe. Ya gaji wata babba a gida, ya ba ƙaninsa Lamine aro ranar da zai taho. Kullum maganarsa "gonata", har mun gaji da ji.

Cikin gidajen da yake aiki akwai na wata tsohuwar Baturiya, Celina, mai son tarihi. Ita ta ba shi labarin dangin Carteret, masu sarauta a Ingila. Suna cikin gidaje takwas da sarkinsu ya ba ƙasar Carolina. Sauran suka sayar da rabonsu, su suka ƙi, kuma Greensboro a cikin nasu take. Daga Landan suke mulkinta, wakilai ke raba wa manoma filaye.

Labarin ya yi wa Younoussa daɗi, ya ce ai kamar shi ke nan. Sai ya tambaye ta yadda suka ƙare.

"Waɗanda ke zaune a kanta suka daina jin maganarsu," in ji ta. "Ƙasar ta zama ta manoman."

Tun ranar ya kasa sukuni. Shi yana gyara ciyawar da ko akuya ba ta ci, Lamine kuwa yana shan inuwa a gonar ubansu. Ba ya son ƙanin da sharri, amma kishi ya ci shi. Komawa kuma babu hali: ba shi da takardun zama a Amurka, in ya fita ba zai sake shigowa ba.

A 2006 Saadatou, 'yar ƙauyensu, ta iso Greensboro wurin mijinta. Na raka Younoussa yi mata barka da zuwa. Cikin hira ta ce, "Kawu, yanzu mota tana kaiwa har gonar Lamine, wajen mangwarorin nan."

Kowa a wurinsu ya san mai aron gona ba ya dasa itace. Wanda ya dasa, ya ce tasa ce.

Na zaci zai yi faɗa, don ni kaina raina ya ɓaci. Sai kawai ya jefa mata tambaya.

"Sun fara 'ya'ya?"

"Tun tuni, Kawu."

"Da zaƙi?"

"Babu irinsu a garin. Kowa ya sha, sai dai wanda ba ya nan."